Kalma ɗaya da ta kai ni aikin dare

Ranar Juma'ar nan zan miƙa makullin durowata, bayan shekara 19 a teburin labaran ƙetare. Yaran da ke tasowa sun matsa mini in rubuta musu abin da na koya. Da na zauna zan lissafo, sai na ga kusan komai ya rataya ne a wuyan rana ɗaya, Laraba 27 ga Fabrairun 2008. Waɗanda muka yi zamani tare sun san labarin, sai dai sun san shi ne yadda aka ba su.

Saura minti 20 a shiga labaran yamma takardar ta fito daga firinta, dusu-dusu saboda tawada ta kusa ƙarewa. An ɗauke wuta tun azahar, janareta na ta kakari a bayan taga. Labarin gajere ne: Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 899. A cikinsa akwai wata kalmar Turanci, antitrust, da ban taɓa cin karo da ita ba, wadda in ka tsaga ta biyu, rabin farko na nufin adawa da abu, rabi na biyu kuma a makaranta an koya mana amana ce. Girman kai ya hana ni tambaya, ƙamus kuma yana ofishin da aka kulle. Na ce a raina, me ke adawa da amana in ba cin amana ba? Na rubuta: an ci kamfanin tara bisa laifin cin amana.

Na kai wa editanmu na lokacin. Ya karanta a tsaye, kofin shayi a hannu ɗaya, ya zaro jan biro ya rubuta a sama: Turai ta ɗauki fansa kan Amurka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar ba ta ce fansa ba."

Ya ce, "Kai yaro, mai sauraronka ina ruwansa da Microsoft? Faɗa yake son ji. Wuce ka karanta."

Na wuce na karanta, da muryata, har sau biyu, da yamma da kuma ƙarfe 9.

Kwana uku bayan nan wasiƙa ta iso teburin shugaban tasha daga wani malamin jami'a mai koyar da dokar kasuwanci. Shafi biyu, babu zagi ko ɗaya, wanda ya fi zagi zafi. Ya tambaya amanar wa aka ci, kuma fansar me aka ɗauka. A zaman da aka kira, editan ya dubi shugaba ido cikin ido ya ce rubutun bai biyo ta hannunsa ba, yaron ne ya yi gaban kansa saboda lokaci ya ƙure. Takardar mai jan biro tana aljihun rigata a ninke huɗu. Ban fito da ita ba. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, maiɗakina na da tsohon ciki, kuma ko na fito da ita, cin amanar nan rubutun hannuna ne. Aka ba ni takardar tuhuma, aka cire ni daga karatun labarai, aka tura ni aikin dare wata huɗu, ina haɗa sanarwar rasuwa da cigiyar awaki.

Intanet ɗin ofis ba ya tafiya sai bayan sha biyun dare. A waɗannan darare na karanta shari'ar tun daga tushe, da farko don in samu abin wanke kaina, daga baya don ta riƙe ni.

Abu na farko da na gano ya ba ni kunya. Kalmar nan ba ta da haɗi da amanar da muka sani. A Amurka ta ƙarni na 19 manyan 'yan kasuwa kan haɗe kamfanoninsu ƙarƙashin wasu amintattu ƙalilan don su riƙe kasuwa su kaɗai, haɗakar da ake ce wa trust, irin yadda attajiri Rockefeller ya yi da man fetur a kamfaninsa Standard Oil. Dokar Sherman ta 1890 don karya irin wannan haɗaka aka yi ta, kuma da ita aka farfasa Standard Oil gida 34 a 1911. Hausa na da kalmar tun fil azal: babakere. Dokar hana babakere. Da na tambayi mai gadinmu abin da ake ce wa mutumin da ya tare kasuwa ya hana kowa sakat, da ya gaya mini.

Abu na biyu shi ne ya ruguza kanun editan. Wanda ya kai ƙarar Microsoft a Brussels, mazaunin Hukumar Tarayyar Turai, a Disambar 1998 ba Bature ba ne na Faransa ko Jamus. Sun Microsystems ne, kamfanin Kalifoniya. Wanda ya fi kuka kan manhajar kallo da sauraro kuwa RealNetworks ne, na birnin Seattle, maƙwabcin Microsoft na kusa. Amurkawa ne suka kai ɗan'uwansu ƙara a kotun maƙwabta, a gida kuwa daga baya aka sassauta: alƙali Thomas Penfield Jackson ya ba da umarnin raba Microsoft gida biyu a Yunin 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001, gwamnatin Bush ta sasanta da kamfanin kafin shekarar ta ƙare. Fansar wa ke nan Turai ta ɗauka?

Laifin kansa, da na fahimce shi, sai na ga abu ne da ɗan kamasho zai gane cikin minti ɗaya. Ka ɗauka mutum ɗaya ne ke da tashar mota a gari, kusan duk fasinja ta ƙofarsa suke shiga. Wannan ba laifi ba ne, ko a dokar Turai. Sai ya sayi nasa motocin, ya ajiye su a bakin ƙofa, motocin wasu kuma ya ƙi gaya musu lokacin lodi da layin da za su bi. Tashar ita ce Windows, manhajar Microsoft wadda fiye da kashi 90 cikin 100 na kwamfutocin tebur ke amfani da ita a lokacin. Hukuncin da Mario Monti, kwamishinan kare gasa na Tarayyar Turai a lokacin, ya sanar ranar 24 ga Maris 2004 abu biyu ya kama: Microsoft na ɓoye bayanan da manyan kwamfutocin ofis na wasu kamfanoni ke buƙata don su yi magana da Windows, sannan yana cusa tasa manhajar kallo da sauraro, Windows Media Player, cikin kowace Windows ko ana so ko ba a so. Tara yuro miliyan 497, tare da umarnin ya buɗe bayanan, ya kuma fitar da Windows marar wannan manhaja. Ya fitar, aka laƙa mata harafin N, kusan babu wanda ya saya. Wa zai biya kuɗi ɗaya ya karɓi tuwo babu miya? Wannan ɓangaren maganin, a ganina, wasan yara ne, kuma masu sukar Brussels sun yi gaskiya a kansa.

Tarar da na karanta kuwa ba ta sabon laifi ba ce. Ta taurin kai ce. A Yulin 2006 Neelie Kroes, wadda ta gaji Monti, ta ƙara masa miliyan 280.5 saboda bayanan da ya miƙa ba su cika ba. Sai ya buɗe su amma ya tsawwala kuɗi, yana neman kusan kashi 3 cikin 100 na cinikin duk wanda zai yi amfani da bayanan, da kashi 3.87 kan haƙƙin ƙirƙira. Bai sauko yadda hukumar ke so ba sai Oktoban 2007, inda ya koma yuro 10,000 biya ɗaya, da kashi 0.4. Miliyan 899 ɗin kuɗin waɗannan watanni ne na jan ƙafa, kuma shi ne kamfani na farko cikin shekara 50 da aka ci tara don ya ƙi bin irin wannan hukunci. Kotu ta rage ta zuwa miliyan 860 a 2012. Duk wannan, ban da ragin da ya zo daga baya, yana cikin sakin layi na huɗu na takardar da ke aljihuna. Ni na tsaya a na farko.

Zan yi wa editan adalci, ko da shi bai yi mini ba. Tsamin dangantakar akwai shi. Tun 2001 Amurkawa ke riƙe da Monti a zuciya, lokacin da ya hana General Electric haɗiye Honeywell bayan hukumomin Washington sun amince. Ranar 17 ga Satumbar 2007 da kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg ta tabbatar da hukuncin Microsoft, Thomas Barnett na Ma'aikatar Shari'ar Amurka ya fito ya ce irin wannan ma'auni na iya daƙile ƙirƙira ya cutar da masu saye. Kroes ta mayar masa da zafi cewa bai dace jami'in wata gwamnati ya soki kotun da ba ta ƙasarsa ba. To amma saɓanin na fahimta ne. Amurka ta lokacin tambayarta ɗaya: farashi ya tashi wa mai saye? In bai tashi ba, a bar babba ya ci kasuwarsa. Turai kuwa tana ganin wanda ya yi girma har ya tare hanya akwai nauyi na musamman a kansa, kada ya shaƙe na ƙasa. Wannan shi ne labarin da ya kamata mu ba mai sauraro, kuma na tabbata zai saurara, domin kowa ya san wani mai babakere a kasuwar garinsu.

Da na dawo aikin rana, ban ce wa kowa komai ba, amma duk labarin da ya shafi wannan fanni teburina yake zuwa. Intel a 2009, yuro biliyan 1.06, kuma mai ƙarar AMD ne, Ba'amurke. Microsoft kuma a Maris ɗin 2013, miliyan 561, saboda allon zaɓen manhajar shiga intanet da ya yi alkawarin nuna wa Turawa ya ɓace daga Windows 7 sama da shekara guda, mutum wajen miliyan 15 ba su gan shi ba, kamfanin ya ce kuskuren injiniyoyi ne. A wannan karon mai ƙarar asali ɗan Turai ne, Opera na Norway, kuma na faɗi haka a labarin. Sai zamanin kwamishina Margrethe Vestager da Google: biliyan 2.42 a 2017, biliyan 4.34 a 2018 kan Android. Duk lokacin da takarda ta fito, kafin in dubi adadin kuɗin sai na nemi wanda ya kai ƙara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kanun da ya rubuta a 2008 ƙarya ne a ranar, amma zamani ya yi ta matsowa kusa da shi. Obama ma a 2015 ya ce wani lokaci ciniki ne ke ingiza Turawa kan kamfanonin Amurka, ba kare jama'a ba. Trump kuwa bai tsaya kwana-kwana ba. A Afrilun 2025 aka ci Apple miliyan 500 da Meta, mai Facebook, miliyan 200 ƙarƙashin sabuwar dokar kasuwannin dijital, a Satumba aka ci Google biliyan 2.95 kan harkar talla, ranar nan Trump ya yi barazanar buɗe binciken ciniki da zai iya kai wa ga harajin ramuwa. Yanzu kam tara da harajin kaya a faranti ɗaya ake cin su. Na rubuta labarin da kalmar ramuwa a ciki, hannuna na nauyi, amma na ƙara layi ɗaya: a Agustan 2024 alƙalin Amurka ne, Amit Mehta, a kotun Washington, ya yanke cewa Google na babakere a harkar bincike a intanet. Mai gyara ya so ya cire layin don lokaci, na ce ya cire wasanni.

Sauran abubuwan gajeru ne. Miliyan da biliyan, ka karanta su da ƙarfi kafin ka shiga ɗakin watsawa. Tarar da aka sanar yau ba ita ce ƙarshe ba, kotu ta soke ta Intel a 2022, ta soke biliyan 1.49 na Google a 2024, don haka ka ce "an ci tara", kada ka ce "ya biya". Kalmar da ba ka sani ba, tambayi mai shara ma. Duk wanda ya gyara maka rubutu, ya sa hannu a gefe da kwanan wata. In ya ƙi, kai ka rubuta sunansa a gabansa kana murmushi. Ranar da hukumar kare gasa ta Najeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, wata yarinya a teburinmu ta rubuta labarin tsaf ba tare da na taɓa ko waƙafi ba, da littafin kalmomin da na fara haɗawa a waɗancan darare. Littafin na bar shi a durowa ta biyu, na tebur ne, kada wani ya tafi da shi gida.

A walimar da aka shirya mini ranar Asabar, an gayyato tsohon editan. Ya tsufa, da sanda yake tafiya. Aka ba shi makirufo, ya ce yana alfahari, domin shi ya horar da ni, kuma tun ina yaro ya ga alamar zan yi nisa a labaran tattalin arziki. Mutane suka tafa. Na tashi na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe." Takardar tana cikin jakata a ƙarƙashin kujera, tare da kofin shayina da tsohuwar rediyon da na kwaso daga durowa. Jan biron ya koma ruwan ƙasa, amma har yanzu ana karantawa.