Wasiƙa daga Saitama: likitan gada

Jama'ar gida, assalamu alaikum.

Ina rubuto muku ne daga ƙasar Jafan, inda sanyi ya fara kankama. Da dusar ƙanƙara ta sauka, sai a bi tituna ana watsa gishiri don kada motoci su zame. To, gishirin nan shi ne ajalin gada. Ruwa ya kwashe shi ya shige cikin kankare, ya tarar da rodi, tsatsa ta fara ci. Daga waje kuwa gada tana nan sumul, kamar ranar da aka buɗe ta.

Mutanen nan sun ji jiki. Ranar 2 ga Disamba 2012 rufin hanyar cikin dutse ta Sasago ya rufto kan motoci, mutum 9 suka rasu. Daga 2014 aka wajabta duba kowace gada duk bayan shekara 5, ga su sun haura 700,000. Akasarin duban da ido ne da guduma: a ƙwanƙwasa, a saurari amo, yadda ake gwada tukunya a kasuwa.

Abin da guduma ba ta ji shi masana suke farauta. A Jami'ar Tokyo an ƙera ƙaramin inji mai harba lantarki ya fitar da hasken hoton ƙashi, irin na asibiti amma mai ƙarfin ratsa kankare. Ana kai shi kan gada, hoto ya nuna rodin da ya sirance ko wayar da ta tsinke.

Wanda ya fi burge ni yana cibiyar binciken kimiyya ta RIKEN, nan garin Wako da ke lardin Saitama. Injinsu, RANS, ya fara aiki a 2013. Yana harba furoton kan ƙarfen beriliyam, sai nutiron su fito; dukansu ƙananan ƙwayoyi ne na cikin ƙwayar zarra, ido ba ya ganinsu. Shi nutiron bai damu da ƙarfe sosai ba, ruwa ne ke tare shi, don haka yana tona inda laima ta ɓuya. Idan kuma ya ci karo da gishiri, sai wani haske na musamman ya fito, a auna yawansa ba tare da an fasa ko'ina ba. Yanzu suna fafutukar ƙanƙanta injin ya shiga bayan mota.

Kada ku ɗauka nutiron baƙo ne a gida. Cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tukunyar nukiliyar bincike tun 2004, sai dai ita a girke take, ba mai ɗaukar gada ya kai mata Zariya.

A gaida mutanen gida. Wa ya san rabon da a ƙwanƙwasa gadar garinku, ko da gudumar ce?

Naku,
ɗalibi a Saitama