Godiya bayan dawowa daga kasuwar Santa Fe

Assalamu alaikum.

Alhamdu lillahi, Allah ya dawo da ni gida Agadas lafiya daga Amurka, inda na kai kayan ƙirarmu na azurfa kasuwar masu sana'ar hannu ta duniya, wadda ke ci duk watan Yuli a birnin Santa Fe na jihar New Mexico. Tun da na sauka waya ba ta huta ba, wannan barka da zuwa, wancan yaya kasuwa. Kasuwa ta yi albarka. Ni dai jaka na ɗauka na je na tsaya a rumfa, amma hannuwa da yawa ne suka yi aikin, kuma su nake so in gode wa a gaban jama'a.

Da Baba zan fara. Idonsa ya yi rauni, ya daina zane a kan azurfa, amma babu zobe ko munduwa ko kuros ɗin Agadas, wato abin wuyan nan na azurfa, da ya shiga jakar nan bai bi ta hannunsa ba. Yakan ɗora babban yatsa ya shafa gefen, in ya ji kaifi ko ɗan ƙanƙani ne sai ya miƙo ba tare da ya ce uffan ba, a koma da shi kan magagari. Baba, can ma haka masu saye suke yi, su juya abu su shafa bayansa, kuma ba a samu wanda ya dawo mana da ko ɗan kunne ɗaya ba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Sai ƙannena da yaran maƙera. Wanda ya san Agadas kafin tawayen 2007 ya san yadda baƙi 'yan yawon buɗe ido ke cika gari da sanyi, su kalli hasumiyar babban masallaci, su fita duwatsun Ayar da hamadar Tenere, su biyo ta wurinmu su yi ciniki. Daga baya ƙafa ta ɗauke. Ko da UNESCO ta sa tsohon gari cikin kayan tarihin duniya a 2013, baƙin ba su dawo yadda suke da ba, kuma da zinariya ta ɓullo a Jado a 2014 samari da yawa suka ajiye awartaki suka bi motoci. Ban ga laifinsu ba, ciki ba ya jira. Amma ku kun zauna gindin zugazugi. Ku kuka fitar da siffa da kakin zuma, kuka lulluɓe da yumɓu, kuka gasa har kakin ya tsiyaye, kuka zuba narkakkiyar azurfa, kuka fasa yumɓun, kuka kwana kuna goga. Can a kasuwar wata mata ta nemi kuros biyu iri ɗaya sak don 'ya'yanta. Na ce mata ba za a samu ba, kowane da yumɓunsa, kuma sai an fasa shi ake ganin abin da ke ciki. Ta saye biyun, ta ƙara na uku.

Inna da uwargida da matan gidanmu, ku kuka jeme fata, kuka ɗinka 'yan akwatunan da muke sa kaya, kuka tufka igiyoyin wuya. Har akwatin kaɗai wasu suka nemi saye. Kawu, da ka ba ni kuɗin sayen azurfa ba ka nemi rubutu ba, ba ka sa rana ba. Malamin makarantar unguwarmu ya cike mana takardun neman shiga ya ɗauki hotunan kayan, domin kwamiti ne ke duba hotuna ya zaɓi wanda zai zo. Yayana na Yamai ya sauke ni lokacin neman biza, bayan hanyar Abalak da Tawa ta gama jijjiga ni. Allah ya saka muku da alheri.

Kasuwar nan tun 2004 take ci, kuma masu sana'a daga ƙasashe sama da 50 ke haɗuwa a cikinta. Abin da ya fi taɓa ni shi ne 'yan sa-kai, mutanen gari waɗanda ba a biyan su ko sisi. Jakar kayana ta makara a hanya, na isa birnin Albuquerque da ke kusa da Santa Fe hannu rabbana, na kwana ban rintsa ba. Wata dattijuwa mai jin Faransanci ita ta yi ta buga waya har jakar ta iso, kuma ita ta zauna tare da ni a rumfa tana yi mini tafinta. Garin Santa Fe yana kan tudu, sama da mita 2,000, numfashi na yi wa baƙo wuya, sai ta riƙa tuna mini in sha ruwa. Da hadarin la'asar ya taso, ita da jikanta suka taya ni kwashe tire. Mama, na gode, Allah ya raya miki zuri'a.

Ina kuma gaida wani maƙeri ɗan ƙabilar Navajo da na tarar yana baje kayansa a barandar tsohuwar fadar gwamnoni, a tsakiyar garin da gine-ginensa masu launin ƙasa suka tuna mini da gida. Aikinsu azurfa ce da shuɗin dutse. Ya karɓi munduwata ya daɗe yana duba zanen, ya fito da ƙarafan da yake buga nasa adon ya nuna mini ɗaya bayan ɗaya. Ya saya wa matarsa zobe, bai nemi ragi ba.

'Yan uwa 'yan Nijar da ke New York da Greensboro, kun kira, kun yaɗa hotuna a Facebook, wasunku sun aiko aka saya musu. Na gode ƙwarai.

Wasu masu kanti biyu sun ba da aikin 'yan kunne da mundaye, suna so kafin ƙarshen shekara, kuma sun ce lalle kowane ya zo da hatimin 925, alamar ingancin azurfa, a bayansa. Duk wanda ya ba ni kaya na tafi da shi, mu haɗu a maƙera ranar Juma'a bayan la'asar. Littafin lissafi yana nan, kowa zai ga abin da aka sayar da wanda ya dawo, ya karɓi haƙƙinsa, sannan mu raba sabon aiki. Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a abin da aka samo.