Abin da na tsinta a aikin Lynn Nottage

Kafin sunan Lynn Nottage ya fito a harkar wasan kwaikwayo a Amurka, sai da ta yi shekara huɗu tana rubuta sanarwar manema labarai a ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty International. Wannan ne ya fara jan hankalina gare ta, domin ni ma rabin abincina ta irin wannan ƙofar yake shigowa. Wasan kwaikwayo na rediyo nake rubutawa, kuma galibin wasannin da ake biyan kuɗin kirki a kansu ƙungiyoyi ne ke ɗaukar nauyi. Za su zo da takarda cike da saƙonni: a kai yara rigakafi, mai ciki ta je awo, a zauna lafiya da maƙwabci. Kai kuma marubuci ka je ka nemo bakunan da za ka zuba wa waɗannan maganganu. Ba raina aikin nake yi ba, yana da amfaninsa. Amma duk wanda ya daɗe a ciki ya san lokacin da mai sauraro yake gane cewa wa'azi ake masa da sunan wasa, ya murɗa akwatinsa zuwa wata tasha.

An haife ta a unguwar Brooklyn ta birnin New York a 1964. Ta yi digiri a Jami'ar Brown, ta ƙara da na biyu a makarantar wasan kwaikwayo ta Yale, ta gama a 1989, sannan ta ajiye alƙalamin wasa ta kama aikin ofis. Abin da ya dawo da ita wasu hotuna ne na matan da mazajensu suka lakaɗa wa duka. Ta ga sanarwa ba za ta iya ɗaukar abin da ke cikin fuskokin nan ba, sai ta zauna ta rubuta wani gajeren wasa mai suna Poof!, inda mata ta yi wa azzalumin mijinta baki, nan take ya kama da wuta ya zama tulin toka a ɗakin girki. Ragowar wasan, ita da maƙwabciyarta ne ke shawarar yadda za a yi da tokar. Ka duba: zancen dukan mata ne, amma dariya ake yi. Da takardar masu ɗaukar nauyi aka ba ta, da ba a bar wannan ya wuce ba.

Yau ita ce mace ta farko da ta ci kyautar Pulitzer ta wasan kwaikwayo sau biyu, a 2009 da 2017. Tana koyarwa a Jami'ar Columbia, tana cikin waɗanda suka rubuta shirin She's Gotta Have It na Spike Lee a Netflix, kuma ita ta tsara labarin wasan waƙe-waƙe na rayuwar Michael Jackson da aka buɗe a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York, a 2022. Duk wannan na ambata ne don a san da wa ake magana. Abin da ya amfane ni yana cikin wasannin nan biyu da suka ci kyauta, da yadda aka yi aka same su.

A 2004 ta tafi Yuganda tare da darakta Kate Whoriskey don su gana da matan da suka gudo daga yaƙin gabashin Kongo. Ba hannu rabbana ta je ba, da tsarinta ta tafi. Niyyarta ta ɗauko wani tsohon wasa na Bajamushe Bertolt Brecht, Mother Courage, labarin 'yar kasuwar da ke bin sojoji tana cin riba a yaƙi, ta dasa shi a Kongo. Da ta zauna da matan suka ba ta labarin abin da sojoji da 'yan tawaye suka yi musu, da yadda mazajensu da danginsu suka kore su bayan haka, sai ta ga rigar Brecht ba za ta shige su ba. Ta ajiye tsarin ta fara daga tushe. Abin da ya fito shi ne Ruined, aka fara nuna shi a Chicago a 2008.

A nan ne na fi daɗewa ina tunani. Mu ma muna fita bincike, ai. Kafin a fara kowane dogon shiri akan tura mu ƙauye ko sansanin 'yan gudun hijira da na'urar ɗaukar murya. Sai dai a mafi yawan lokaci an riga an gama yanke abin da wasan zai faɗa tun a ofis. Abin da ake zuwa nema sunayen abinci ne da karin magana da salon gaisuwa, don a yi wa saƙon ado ya yi kama da na 'yan gida. Ita kuwa ta bar abin da ta ji ya rushe mata aikin da ta riga ta sa rai a kai. Yanzu idan na dawo daga irin wannan fita, tambayar da nake yi wa kaina guda ce: me na ji da ya ɓata mini tsari? In babu, to yawo na je.

Kuma dubi matar da ta ɗora wasan a kanta. Mama Nadi tana da mashaya da gidan karuwai a wani ƙaramin garin haƙar ma'adinai. Sojan gwamnati ya zo ta zuba masa giya, ɗan tawaye ya zo ta zuba masa, sharaɗinta ɗaya, kowa ya cire harsashinsa kafin ya zauna. A fitowar farko wani ɗan tireda mai suna Christian ya kawo mata kaya, sigari da jan baki, a cikin kayan har da 'yan mata biyu, Salima da Sophie. Ana cinikin mutane kamar ana cinikin sabulu. Mama ta ƙi karɓar Sophie, don sojoji sun yi mata raunin da ba za ta iya kwanciya da namiji ba, ke nan ba riba, sai ciyarwa. Sai da ya yi ta roƙo, ya ce 'yar 'yar'uwarsa ce, ya haɗa da cakulan, sannan ta yarda. Matar nan da jikin 'yan matan take cin abinci, kuma ita ce kaɗai a duk yankin ta ba su wurin kwana da tuwo lokacin da danginsu suka rufe musu ƙofa. Ka rasa inda za ka ajiye ta. Can gaba ta ɗauko ɗanyen lu'ulu'un da ta ɓoye don tsufanta ta damƙa wa wani ɗan kasuwa ya kai Sophie a yi mata aiki, harbi ya tashi, mutumin ya tsere da dutsen ya bar yarinyar.

A wasanninmu na wayar da kai, mugu mugu ne tun daga muryarsa. Da ya buɗe baki, yaro ɗan shekara bakwai ya san wannan shi ne zai hana matarsa zuwa asibiti, kuma ya san a kashi na ƙarshe zai yi nadama a gaban mai unguwa. Ba wanda ke jin kansa a cikin irin wannan mutumin, don haka ba wanda wasan ke taɓawa. Mai hana matarsa zuwa awo da ke zaune a gida yana sauraro, shi a ganinsa yana da dalili: kuɗin mota, ko wulaƙancin da aka taɓa yi wa ƙanwarsa a can. In ba ka ba shi dalilinsa a cikin wasan da ƙarfinsa ba, da wani kake magana, ba da shi ba.

Akwai inda ban bi ta ba. A ƙarshen Ruined, bayan an kashe wanda aka kashe, Salima ta mutu, Mama Nadi ta bayyana wa Christian cewa ita ma irin raunin Sophie gare ta, sai su biyun suka tashi suka yi rawa. Na fahimci abin da take gudu, ba ta son a mayar da matan nan abin tausayi kawai, a ce ba su da sauran rabo a duniya. Amma a kunnena rawar ta zo da wuri. Mai kallo a New York yana samun abin da zai riƙe ya tafi gida da sanyin zuciya, alhali a gabashin Kongo ba a daina ba. Wataƙila wanda ya gani a dandamali, da kiɗa da jikin 'yan wasa, zai ce mini ba haka ba ne. Ni a takarda na karanta.

A wasa na biyu kuwa, Sweat, gida ta juya. A 2011 alƙaluman ƙidaya suka nuna Reading, a jihar Pennsylvania, shi ne ya fi kowane gari mai girmansa talauci a Amurka, sama da kashi 40 cikin 100 na mutanensa. Gari ne da a da ya yi tashen masana'antu da jirgin ƙasa. Ta yi sama da shekara biyu tana zuwa tana komowa, tana zama da mahukunta da 'yan sanda da marasa gida da ma'aikatan ƙarfe da kamfaninsu ya kulle wa ƙofa. Ba kwana uku da takardar tambayoyi ba.

Wasan a mashaya yake shi ma, inda ma'aikatan wata masana'antar ƙarfe ke haɗuwa bayan an tashi. Tracey farar fata ce, Cynthia baƙa, sun yi sama da shekara ashirin suna aiki kafaɗa da kafaɗa, 'ya'yansu Jason da Chris aminai. A shekarar 2000 aka buɗe gurbin mai kula da ma'aikata, su biyun suka nema, aka ba Cynthia. Ba a jima ba kamfani ya kwashe injuna, ana raɗe-raɗin Meziko za a kai su, ya nemi a zabge albashi, da ma'aikata suka ƙi sai aka kulle ƙofa. Kuma Cynthia aka sa ta tsaya a gaban ƙawayenta ta faɗa musu. Daga nan Tracey ta fara cewa ai don launin fata aka ba ta. Oscar, ɗan asalin Kolambiya da ke share teburan mashayar ba wanda ke ko kallonsa, ya karɓi aikin wucin gadi a masana'antar don kuɗin ya fi. Samarin nan biyu suka far masa, Stan mai sayar da giya ya shiga rabo, duka ya same shi a ka ya nakasa har abada. Sai 2008 suka fito daga kurkuku.

Abin da na lura da shi, masu kamfanin ba su taɓa fitowa a dandamali ba. Ko sau ɗaya. Waɗanda suka yanke shawarar suna can nesa, hannu ba ya kai musu, sai fushin ya sauka a kan wanda ke kusa. An buɗe wasan a New York 'yan kwanaki kafin zaɓen Nuwamban 2016, mutane suka yi ta cewa ta hango nasarar Donald Trump. Ba duba ta yi ba, ta dai riga 'yan jarida zuwa ne, ta kuma fi su daɗewa a zaune.

Wannan ya yi mini amfani kai tsaye lokacin da nake haɗa wani wasa a kan tsofaffin ma'aikatan masaƙa a Kaduna. Na zauna da wani dattijo a teburin mai shayi, na tambaye shi yadda rufe masaƙar ya shafe shi. Ya ba ni amsar da ya saba ba kowa, kayan waje sun cika kasuwa, ba wuta, ba a biya su haƙƙinsu ba. Na rubuta. Na ƙi tashi, na sa aka ƙaro shayi, hira ta koma kan wasu abubuwa. Can sai ya zaro tsohon katin shaidarsa na aiki daga aljihun gaba, robar duk ta dafe, ya ajiye a kan tebur.

"Ɗana, ka ga mutumin can mai jan hula a bakin shagon caji? Layi ɗaya muka yi aiki da shi. Shi ya yi mini waliyyi a aurena na biyu."

Na ce, "Baba, a kira shi mana ya zo mu sha shayi."

Ya ce, "Bar shi. Shi aka ba takardar sunaye ya karanta a bakin get."

Bai ƙara ba, ni ma ban tona ba. Wasan da na rubuta a kan su biyun ya tsaya, manaja bai fito ko a fitowa ɗaya ba. Furodusa ya so a ƙara inda za su rungumi juna a ƙarshe, muka yi ta ja, aka tsaya a kan gaisuwa daga nesa ranar wata jana'iza.

Sai dai kada in yi kamar abin da ta yi kowa zai iya. Sweat aikin kwangila ne daga gidajen wasa biyu, Oregon Shakespeare Festival da Arena Stage, kuma tun 2007 ta samu tallafin MacArthur, kuɗi mai kauri da ake ba mutum ba tare da an ce ga abin da zai yi da shi ba. Shekara biyu na zirga-zirga kuɗi ne. Mu nan akan ba ka mako biyu ka kawo kashi goma sha uku, kuɗin mota ma sai ka yi ta bi. Abin da na iya ɗauka daidai ƙarfina shi ne in rage yawan mutanen da nake gani in ƙara yawan komawa wurinsu. Gara mutum uku da zan ziyarta har su gaji da ba ni amsar baƙo, da mutum talatin da kowa zai karanto mini abin da yake zaton ƙungiya na son ji.

Akwai kuma batun bashi. Wanda ya ba ka labarin ranar da ya fi kowace baƙin ciki a rayuwarsa, kai ka samu suna da kuɗi a kai, me ya samu? Nottage ta kai Sweat Reading aka nuna wa mutanen garin, a 2017 kuma ta haɗa wani shiri na hotuna da rawa da labaran mazauna a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta garin da aka daɗe da rufewa. Wannan bai mayar wa kowa da aikinsa ba. Amma aƙalla ta tsaya a gaban masu labarin, inda za su iya ce mata ƙarya ta yi. Mu a rediyo abin ya fi sauƙi ma, waya ce da lasifika. Tun daga wasan masaƙa na sa a cikin yarjejeniyata cewa kafin a watsa kashi na farko, sai an kai wa waɗanda aka yi hira da su sun saurara, kuma kuɗin wannan zuwan yana cikin kasafin shirin. Masu ɗaukar nauyi biyu sun amince. Ɗaya ya ce babu wannan layin a takardarsu, aka ba wani marubucin aikin.