Laraba: ba kuɗi, ba turare

Tun safe abin ke cina. Yaya ta ga takardar kiɗan a kan tebur, an rubuta "Money Musk", ta ce, "Wato kuɗin miski ke nan? Su ma Turawa suna wa turare kiɗa?" Na yi dariya, amma fa ba laifinta ba ne, laifin masu ɗab'i ne.

Monymusk sunan wuri ne, ƙauye da gandu a bakin kogin Don, yamma da Aberdeen a Sukotland. Daniel Dow, mai gogen Turawa ɗan yankin Perthshire da ya zauna a Edinbara, shi ya tsara kiɗan, ya fitar da shi wajen 1776 cikin kundinsa na sababbin kiɗe-kiɗe 37. Sunan da ya raɗa masa dogo ne: na Sir Archibald Grant ne, mai gandun. Haka ake yi a lokacin, kamar yadda makaɗi ke wa mai sarauta take. Dow ya rasu a 1783, kundaye suka yi ta kwafar kiɗan, sunan Grant ya zube a hanya, na Dow ma sau da yawa ba a sa shi. Daga baya sai aka tsaga sunan ƙauyen gida biyu.

Abin da ya fi damuna ma ba sunan ba ne. Takardar hannuna a A take, wato a kan sautin A aka gina kiɗan, alhali Dow a G ya rubuta, sautin da ke ƙasa da shi. Na gwada duka biyun a gogena na Turawa bayan la'asar. Kan kiɗan tsalle ne tsakanin sauti biyu. A G, sautin D yana kan tsirkiyar A, sautin G yana kan tsirkiyar D, kuma duka yatsa na uku ke danne su. Dole ka kwantar da yatsan ya rufe tsirkiya biyu lokaci guda. Ya ɗan karkace kaɗan, ɗayan ya yi ƙasa, kunne ya ji tsami. A A kuwa, E da A tsirkiyoyi ne a sake, ba yatsa ko ɗaya, baka kawai ke kai da komo. A ganina wannan sauƙin ne ya ja masu kiɗan rawa suka ɗaga shi.

Sai kuma tafiyar. A Sukotland strathspey ne, wani salon kiɗan rawarsu, bugu huɗu, da fizgar nan tasu: gajeren sauti a kan bugun, dogo ya biyo baya, tsawon dogon ninki uku na gajeren. In ka yi wa gajeren sanyin hannu, sai ya koma kashi ɗaya da biyu, kiɗan ya zama lilo. Amurkawa sun baje shi sumul, suka ƙara gudu, suka ƙara masa gaɓa a kan biyun asali.

Malam bai zo ba, wai mura. Tuwon dare ya yi ruwa.

Yanzu dare ya yi, takardar na nan gabana. A kusurwar sama, inda sunan mai kiɗa ke zama, an buga "na gargajiya". Na ɗauki fensir na rubuta Dow, 1776. Yaya ta leƙo ta ce in kashe fitila.