Wa ke ja layi a makin hoton ƙirji?

Aikina riƙe rajista ne a sashen tarin fuka na wani asibitin gwamnati. Ba ni ke duba marasa lafiya ba, ba ni ke rubuta magani ba. Ni ke rubuta wanda ya zo, abin da gwajinsa ya nuna, ranar da ya fara shan magani da ranar da ya gama, ko ranar da ya ɓace mana. Duk bayan wata uku in tattara alƙaluma in aika sama. Shi ya sa da aka fara fita da mu kasuwanni da tashoshin mota da na'urar ɗaukar hoton ƙirji mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, jama'a na kallon na'ura, ni kuwa hankalina na kan lambar da take fitarwa.

Kayan ba su da yawa, mutum biyu na iya ɗaukarsu. A sami shago ko rumfa a kafa su. Mutum ya tsaya ya manna ƙirjinsa a jikin allo, ya ja numfashi ya riƙe. Kafin ya gama gyara rigarsa hoto ya fito a kwamfuta, manhaja ta shafa launi a wurin da take zargi a huhu, ta ba da maki tsakanin 0 da 100. Wanda makinsa ya haye wani layi da aka ƙayyade, sai a miƙa masa 'yar roba ya koma gefe ya kawo kaki, a kai ɗakin gwaji a saka a na'urar GeneXpert mai neman ƙwayar cutar a cikin kaki. Wanda bai kai layin ba a sallame shi.

Yadda aka koyar da manhajar ba wani sihiri ba ne. An nuna mata hotunan ƙirji dubbai a kan dubbai, waɗanda an riga an san na masu cutar da na waɗanda ba su da ita. Duk inda ta kuskure sai a ɗan juya wasu lambobi a cikinta, a sake, a sake, har makinta ya riƙa dacewa da gaskiya a mafi yawan lokuta. Ba ta ganin ƙwayar cuta. Inuwa take gani a huhu, ta auna yadda inuwar ta yi kama da waɗanda ta saba gani. A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin wannan manhaja a madadin mai karanta hoto wajen tantance 'yan shekara 15 zuwa sama, bayan an auna guda uku: CAD4TB ta ƙasar Holan, qXR ta Indiya da Lunit ta Koriya ta Kudu. Amincewar ta tantancewa ce kawai. Tabbatar da cuta yana nan a hannun gwajin kaki da likita.

Ina goyon bayan wannan abu da zuciya ɗaya, kuma ina da dalili. A ƙiyasin hukumar, kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa da tarin fuka a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu a Afirka. A 2020 waɗanda aka gano aka rubuta ba su wuce kimanin 138,000 ba. A 2023 sun haura 360,000. Hanyoyi da dama ne suka haɗu suka kawo wannan ƙari, kuma fita neman masu cutar inda suke yana daga ciki. Binciken da aka yi gida-gida a ƙasashen Afirka da Asiya ya nuna kusan rabin waɗanda aka samu da ƙwayar cutar ba su ma yi ƙorafin alamunta ba. Irin waɗannan ba za su zo asibiti ba, hoto ne ke tono su. Masu karanta hoton kuwa yawancinsu suna manyan asibitocin birni.

To amma akwai tambayar da nake ji kusan duk fitar da muka yi. Wata rana a tasha, wani dattijon direba makinsa ya haye layi. Abokin aikina ya miƙa masa roba ya ce, "Baba, sai ka daure ka kawo mana kaki." Dattijon bai karɓa ba. Ya dubi 'yan kamashon da ke tsaye suna kallo, ya rage murya ya ce, "Ɗana, kada ka ɓoye mini. Injin ya ce ina da shi ko?" Hannunsa na rawa. Ya san abin da zai biyo baya idan magana ta zaga tasha: a daina cin abinci kwano ɗaya da shi, fasinja su riƙa kauce wa motarsa.

Amsar wannan tambaya lissafi ce, kuma ya kamata duk mai riƙe da na'urar ya iya ta a ka. Ma'aunin da hukumar ta sa wa gwajin tantancewa irin wannan a 2014 shi ne ya kama aƙalla kashi 90 cikin 100 na masu cutar, ya kuma wanke aƙalla kashi 70 cikin 100 na waɗanda ba su da ita. Mu yi misali. A ce mun ɗauki hoton mutum 1,000 a tasha, 10 daga cikinsu ke da cutar. Manhaja za ta kama 9, ɗaya ya wuce. Cikin 990 masu lafiya kuwa, kashi 30 cikin 100 za su haye layi ba tare da suna da komai ba, wato mutum 297. Ke nan mutum 306 za a miƙa wa roba, 9 ne kawai masu cutar. Kusan uku cikin ɗari. Abin da ya dace a faɗa wa dattijon shi ne, "Baba, yawancin waɗanda muke karɓar kakinsu a nan ba a samun komai, muna so ne mu tabbatar." Gaskiya ce tsagwaronta, ba lallashi ba.

Yanzu a ɗauki na'urar nan, da layin nan, a kai ta ƙofar sashenmu, inda masu tari ne ke kawo kansu. A ce cikin 1,000 akwai masu cutar 200. Za ta kama 180, ta saki 20, ta kuma zargi 240 masu lafiya. Cikin 420 da suka haye layi, 180 na da cutar, sama da kashi 40 cikin 100. Maki ɗaya, ma'ana biyu. A tasha yana nufin da wuya, a asibiti yana nufin a yi maza. Kuma a lura da mutum 20 ɗin nan da aka saki, don su ne suka fi damuna.

Layin kamar ramukan rariya yake. Ka matse su, ka tare tsaki da yawa amma gari ya riƙa maƙalewa. Ka buɗa su, aiki ya yi sauri amma tsaki ya bi gari. Idan aka sauke layin ƙasa za a kama masu cuta da yawa, sai dai kaki zai yi wa ɗakin gwaji yawa. Kowane gwaji na cin katirij guda, wato 'yar robar da ake zuba kakin a ciki a saka a na'ura, wanda aka daɗe ana sayar wa ƙasashe irin namu a kan dala 9.98 kafin a rage shi zuwa 7.97 a 2023. Na'urar GeneXpert mai gurbi huɗu kaki huɗu take ɗauka a lokaci guda, ta yi kusan awa biyu, kuma ba ta son zafi, ba ta son ƙura, ba ta son ɗaukewar wuta. Idan aka ɗaga layin sama katirij zai isa, amma wasu masu cutar za su koma gida da murnar an ce lafiyarsu lau. Hukumar Lafiya ba ta ƙayyade layi ɗaya ga duniya ba. Ta bar wa kowane shiri ya auna a cikin mutanensa ya zaɓi nasa. Mutum ne ke ja layin nan, ba kwamfuta ba.

Akwai lokacin da katirij ya yi ƙaranci a wurinmu, aka ce a ɗaga layi. Ban ga laifin wanda ya yanke shawarar ba, da abin da ke hannu ake aiki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda rahoton wannan zango ya fito. Da yake masu maki mai yawa kaɗai aka gwada, kason waɗanda aka samu da cutar cikin waɗanda aka gwada ya tashi sosai. A takarda sai ka ce mun ƙara ƙwarewa. Babu gurbi ko ɗaya a fom ɗin da ke nuna an taɓa layi, balle a san mutum nawa suka wuce ta ƙarƙashinsa. Wanda ke zaune a ofis yana karanta alƙaluman ba shi da hanyar ganewa.

Wannan cuta da lissafi sun daɗe tare, kuma na kan tuna wa kaina haka idan rubutun rajista ya gundure ni. A 1948 aka buga sakamakon gwajin maganin streptomycin a Birtaniya. Maganin kaɗan ne a ƙasar a lokacin, ba zai ishi kowa ba. Wani masanin ƙididdiga, Austin Bradford Hill, ya tsara a raba marasa lafiya gida biyu da lambobin ƙuri'a da aka rufe a ambulan, don kada son ran likita ya shiga zaɓin. Mutum 55 suka sami magani da hutun gado, 52 suka sami hutun gado kaɗai. Cikin wata shida mutum 4 suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu. Bin diddigin da aka yi ya kuma nuna ƙwayar cutar na saurin bijire wa magani idan shi kaɗai ne, abin da ya kai ga haɗa magunguna. Bayan haka a Madras ta Indiya aka kwatanta masu shan magani a gida da waɗanda aka kwantar a asibitin masu tarin, sakamakon da ya fito a 1959 ya nuna na gida ma suna warkewa kamar na asibiti. Duk mai karɓar maganinsa na wata shida a wurinmu ya koma cikin iyalinsa, albarkacin wannan ƙirga yake ci.

Haka aka auna manhajojin nan ma. A 2021 an buga wani bincike daga Dhaka ta Bangaladash a kan hotunan mutum kusan 24,000. Manhajoji biyar aka gwada, dukkansu suka fi likitocin hoto da aka kwatanta su da su, kuma aka ga za a iya rage gwajin GeneXpert da rabi ana kama sama da kashi 90 cikin 100 na masu cutar. Labari mai daɗi. Amma binciken ya ƙara da cewa aikin manhajojin ya yi rauni a kan waɗanda suka haura shekara 60 da waɗanda suka taɓa yin tarin fuka a baya. Dalilin a fili yake: cutar na barin tabo a huhu, tabo kuma inuwa ce. Dattijon direban nan, da muka zauna da shi daga baya, ya ce ai ya taɓa shan maganin shekaru da suka wuce. Kakinsa ya fito babu komai. Da an tambaye shi tun farko, da an san yadda za a karanta makinsa, da kuma an rage masa fargabar da ya kwana da ita.

Mu nan muna da irin namu. Masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai ƙura na yi wa huhunsu illa, ita ma tana fitowa a hoto, kuma tana ƙara musu haɗarin kamuwa da tarin. Masu ɗauke da cutar ƙanjamau kuma wani lokaci hotonsu kan fito kusan fes alhali cutar na ciki. Ga kamfanonin suna sabunta manhaja lokaci zuwa lokaci, maki 60 na bara ba lallai ya zama daidai da 60 na bana ba. Duk waɗannan ba za a san yadda suke shafar layinmu ba sai an rubuta, an ajiye, an dawo an duba.

Don haka na ja ƙarin gurabe da biro a gefen rajistar fita. Ɗaya na makin mutum, ɗaya na layin da aka yi aiki da shi a ranar, ɗaya na samfurin manhajar, ɗaya na ko ya taɓa shan maganin tarin. Waɗanda ba su kai layi ba su ma ina rubuta su, kuma duk sabon majinyaci da ya zo sashenmu ina tambayarsa ko an taɓa ɗaukar hotonsa a kasuwa ko tasha, in koma in nemo makinsa na wancan lokaci. Aiki ne mai cin rai, kuma littafin mutum ɗaya ba zai isa a yanke hukunci ba. Abin da nake roƙon masu tsara fom ɗin rahoto shi ne su sa waɗannan gurabe a hukumance, yadda za a iya haɗa na jiha guda a ba masana ƙididdiga na jami'o'inmu su faɗa mana inda ya dace layin ya tsaya a tasha, da inda ya dace ya tsaya a ƙofar asibiti.

Kafin nan, ga abin da nake faɗa wa duk wanda muka sallama. Idan kana tari ya kai mako biyu, ko kana rama, ko zazzaɓi da gumin dare, ko kana kwana ɗaki ɗaya da mai cutar, kada ka dogara da cewa injin ya wanke ka. Ka faɗa wa ma'aikacin alamun da kake ji, ka nemi a karɓi kakinka ko da makinka bai kai ba. Gwajin kaki da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.