Kafin ka danna ka wuce: shawara ga masu hangen aikin tashar nukiliya

Ƙannena masu karatun injiniya, a wannan aikin ba a taɓa komai da ka. Ko ƙaramar riyaktar bincike (riyakta ita ce tukunyar da ake sarrafa makamashin nukiliya a cikinta) ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ke aiki tun 2004, da rubutacciyar ƙa'ida ake kunna ta. A da, ƙa'idojin manyan tashoshi suna cikin tulin fayiloli: ma'aikaci ya karanta mataki, ya duba mita a bango, ya sa alama da biro. Yanzu kwamfuta ke fito da matakin a allo, ta ɗauko awon zafi ko matsi da kanta, ta kunna kore idan sharaɗi ya cika. Faransa ta shiga wannan da wuri, a tashoshin Chooz B da Civaux cikin shekarun 1990. Haka ake yi a Barakah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da sababbin rukunoni biyu na Vogtle a Amurka da suka fara aiki a 2023 da 2024.

Abin akwai daɗi, daɗin ne kuma ya kayar da ni. Muna horo a na'urar kwaikwayon ɗakin sarrafa tasha, malaminmu ya sakar mana matsala. Matakin ya ce a tabbatar bawul ɗin rage matsi, wato makullin da ke buɗe bututu ko rufe shi, ya rufe. Na ga kore, na danna na wuce. Matsi yana ta sauka, ni kuwa na yi nisa a gaba, har ina jin kaina saboda sauri. Ashe umarnin rufewa kwamfutar ke karantawa, bawul ɗin yana nan a buɗe. Zafin bututun da ke bayansa yana ta hawa a wani shafin da ban leƙa ba.

Malam bai ƙirƙiri wannan tarkon ba. Shi ne ya kama ma'aikatan tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Fensilbaniya ta Amurka ranar 28 ga Maris 1979. Bawul ya maƙale a buɗe, fitilarsa a ɗakin sarrafawa ta nuna cewa an ba shi umarnin rufewa, su kuma suka ɗauka ya rufe. Fiye da awa biyu ruwan sanyaya yana tsiyayewa, har suka rage ruwan gaggawa da hannunsu, kusan rabin cikin riyaktar ya narke. A wancan lokacin, da takarda ake aiki. Kwamfuta ba ta kawar da irin wannan ruɗi ba, sai ma ta ƙara masa kwarjini.

Don haka duk koren da ka gani, tambayi kanka daga wane ma'auni ya fito, sannan ka nemo shaida ta biyu da ba ta bi wannan hanyar ba. Allo mataki ɗaya yake nuna maka, kamar mai leƙen tsakar gida ta kafar ƙofa. Ka riƙa duba na gaba da na baya, musamman gargaɗin da ke zuwa kafin mataki.

Kada kuma ɗakin ya yi tsit. Da kowa ya samu allonsa, sai baki ya mutu. Mai ba da umarni ya faɗa, mai karɓa ya maimaita, na farkon ya tabbatar. Ni da kaina na taɓa ganin haka a matsayin ɓata lokaci, tun da ga amsa a gabana. Da na furta awon matsin da ƙarfi ranar nan, da abokin aikina ya tare ni.

Sai fayil ɗin takarda da ke kan kanta, wanda matasa ke yi wa kallon kayan tarihi. Ran da malam ya kashe mana allo ana tsakiyar aikin gaggawa, na ɗauko shi, na rasa a mataki na nawa nake, ina ta juya shafuka zufa na karyo mini. Ku ajiye 'yar takarda a gefen hannu, duk matakin da kuka shiga ku rubuta lambarsa da lokacin, kuma ku roƙi masu horar da ku su riƙa kashe allon ba tare da sanarwa ba.