Ba Kowane Gini Mai Kyau A Hoto Ake Iya Wuni Cikinsa Ba

Ƙannena masu karatun zanen gine-gine, da ku da kuke shirin neman gurbi a wannan fanni, ga abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini tun ina aji biyu: duk salon ginin da kuka ga duniya na yayi, wata matsala ce ta dami wasu mutane a wani gari suka fito da shi. Ni salon na riƙa kwasowa, ban taɓa tambayar matsalar da ta haife shi ba. Kuma ba ni kaɗai na ɗanɗana kuɗata ba, har da bayin Allah da suka damƙa mini amanar kuɗinsu.

A darasin tarihi an karantar da mu Bauhaus, makarantar da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta ƙasar Jamus a 1919, ta koma Dessau a 1925, 'yan Nazi suka takura mata har ta rufe a 1933. Na haddace shekarun nan tsaf, na ci jarrabawa. Abin da ya wuce ni shi ne dalilin da ya sa masu zanen Turai na lokacin suka ƙwallafa rai a kan farin bango da manyan tagogin gilashi. An fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ma'aikata na cunkushe a ɗakuna masu duhu da danshi, tarin fuka na ta ɗibar mutane, kuma a lokacin babu maganin da likitoci suka fi dogara da shi kamar iska da hasken rana. A Berlin, in sanyi ya kankama, wunin bai cika sa'a takwas ba, ranar ma tana can kwance ta gefen kudu. Wanda yake cikin wannan hali in ya fasa bango ya zuba gilashi, ai ya yi hankali. Amma kai da kake zana gida a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, me za ka yi da ƙarin rana?

Shi kansa Le Corbusier, shahararren mai zanen gine-gine na Faransa, wanda muke ambaton sunansa a situdiyo kamar ba ya kuskure, ya sha wannan. A 1933 ya kammala wani gidan saukar marasa galihu a Paris, ya rufe fuskarsa ta kudu da gilashin da ba ya buɗewa. Da zafi ya zo, zama ya gagara. Sai a farkon shekarun 1950 aka gyara fuskar da haƙarƙarin kankare masu tare rana. Irin wannan dabara ce ya tafi da ita Chandigarh a Indiya. To in ranar Paris ta yi wa gilashi haka, ina ga tamu? A 2013 ma wani dogon bene mai lanƙwasasshen gilashi a Landan ya tattara hasken rana wuri ɗaya har ya narkar da sassan jikin wata mota da aka ajiye a titi. Duk waɗannan suna rubuce, ni dai hotunan kawai nake kallo.

Aikin farko da na samu da kaina, wani ɗan kasuwa ne ya ce in zana masa bene, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Filin yana kallon titi ta yamma. Na zuba masa shuɗin gilashi tun daga sama har ƙasa, irin na Dubai, na fitar da hoton a kwamfuta da itatuwan dabino da motoci masu sheƙi. Alhaji ya gani ya yi ta sa albarka. Da aka tare, daga azahar zuwa la'asar sakaliya ba mai iya zama kusa da taga. Aka sa labule, aka ƙara na'urar sanyaya ɗaki, kuɗin man janareta ya fara cinye ribar masu haya. Wasu suka manna kwali. Daga ƙarshe aka kira mai walda ya yi wa ginin rumfar kwano ta gaba. Har yau in hanya ta biyo da ni ta wurin, sai in sunkuyar da kai.

Lissafin da zai hana wannan bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba, shi ya sa nake so ku tsaya a kansa. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Da tsakar rana, rana a saman kanmu take, saboda haka bangon kudu da na arewa ba su da wuyar karewa: ɗan baranda ko rufin da ya zarce bango kaɗan ya wadatar. Bala'in yana gabas da yamma, inda rana ke shigowa a kwance, ta bi ta ƙarƙashin kowace irin baranda. Ta yamma ta fi muni, domin tana zuwa ne lokacin da iska da ƙasa suka riga suka ɗauki zafi. Don haka in fili ya ba ka dama, shimfiɗa tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa. In fili ya ƙi, to ka jera banɗaki, matattakala da sito ta yamma su sha ranar, ko ka tsayar da haƙarƙari a tsaye, ko ka dasa itace tun ranar da aka haƙa harsashi. Akwai kuma abin da littattafan Turai ba za su tuna muku ba: daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, rana a wurinmu ta arewa take bi. Wanda ya kwafo ƙa'idar cewa bangon arewa ba ya ganin rana, ya kwafo ta mutanen Ingila. Hadarin damina kuma galibi daga gabas yake tasowa da iska, shi ya sa bangon gabas na gidajen ƙasa ya fi saurin zaizayewa. Hunturu da ƙurarsa daga arewa maso gabas.

Kada ma ku ce ai maganin shi ne a kwaikwayi na Afirka. Maxwell Fry da Jane Drew, masu zane 'yan Birtaniya, sun zana gine-ginen Jami'ar Ibadan a shekarun 1950 da bangaye masu huji-huji don iska ta riƙa ratsawa, kuma ya dace da garin da ke da danshi kusan duk shekara. Kawo wannan Katsina a watan Janairu, ka ga yadda ƙura za ta kwanta a kan kowane littafi. Mu a rani abin da muke so shi ne bango mai kauri da zai riƙe zafin rana ya jinkirta shigarsa har dare ya yi sanyi, da damina kuma a samu tagogi masu fuskantar juna. Najeriya ɗaya ce, amma yanayinta ba ɗaya ba ne.

Rufi kuwa, a taƙaice: na yi ta ɓoye kwano a bayan katanga don gini ya fito kamar akwati, ina cusa magudanar ruwa a ciki. Ruwan Agusta ɗaya, da ganye da leda suka toshe bututun, silin ya zubo. In ka ga kakanni sun fito da indararo waje yana watsa ruwa nesa da bango, ba rashin sanin kwalliya ba ne.

Kuskuren da ya fi ci mini rai bai shafi rana ko ruwa ba. Na zana wa wani magidanci gida irin wanda ake yayi, falo da wurin cin abinci da kicin duk a buɗe suke cikin juna, ƙofar shiga kuma tana faɗawa kai tsaye cikin falon. Da maigidan kaɗai na yi magana. Ban nemi jin ta bakin uwargida ba, alhali ita ce za ta wuni a gidan. Baƙo namiji na sallama, sai ga shi yana kallon mata a bakin murhu. Babu inda za a yi daka, babu inda za a girka babbar tukunya ranar suna, babu inda za a shanya wanki, babu inda za a shimfiɗa tabarma a sha iska da daddare. Ba a jima ba suka sa birkila ya datse falon da bulo, suka kafa rumfar girki a baya. Wato sun mayar da zaure da tsakar gida da na cire musu, sai dai a gurguje kuma da muni. Ni da na tashi a gida mai zaure da shigifa, na san dalilin da ya sa ƙofofinsu ba sa kallon juna, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na ɗauka wannan sani ba ilimi ba ne. Kafin ku ja layi ɗaya, ku tambaya: mutum nawa ke kwana a gidan, ina baƙi ke tsayawa, ina ake alwala, ta ina alƙibla take, da me ake girki, akwai shirin ƙara iyali? Ku 'yan mata da ke wannan karatu kuna da damar da mu ba mu da ita, domin kuna shiga har ɗaka ku ji abin da ba za a faɗa wa namiji ba.

Watannin koyon aiki da makaranta ke turawa, ni a ofis mai sanyi na ƙarar da su, ina gyara hotunan gine-gine, ina gudun ƙurar wurin aiki. Sai bayan na gama digiri wani dattijon magini ya kunyata ni cikin ladabi. Ya buɗe takardata ya ce, Injiniya, wannan kankaren da ka rataya a nan, me zai riƙe shi? Na ce, Baba, ai a zane ya tsaya. Murmushi kawai ya yi. A wurinsa na fara jin yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa kafin a mulmula tubali, da yadda ake shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina. Azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, amma in tazarar ta kai wajen mita biyu sai ta fara sunkuyawa, wannan ne ya tilasta wa magina ƙirƙiro bakan gizo da daurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗaukar rufi, don su samu faffaɗan ɗaki. Ku je ku tsaya cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda fitaccen magini Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim wajen shekarun 1830, ku ɗaga kai. Duk abin da ake koya muku a darasin yadda nauyi ke sauka daga rufi zuwa ƙasa yana nan a fili. Kuma kada ku raina wannan darasi kamar yadda na raina, ina cewa aikin injiniya ne. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ya ci rayuka fiye da 40.

Daga nan sai na faɗa wani ramin. Na koma kafa zankwaye a kusurwar kowane ginin siminti, ina zana dagi a saman ƙofa, ina cewa na dawo da ginin Hausa. Ciki kuwa bulo ne mai inci shida da kwano a kai, zafi kamar da. Kwalliyar na ɗauko na bar hikimar. Wasu abokaina kuma suka zarce, suna wa'azin kowa ya koma ginin ƙasa, su kuwa a gidan siminti suke kwana. Talakan da ke gudun gidan ƙasa ba wawa ba ne, ya gaji da yaɓe duk shekara, ya ga katanga ta faɗa wa maƙwabcinsa a damina. Hassan Fathy na Masar ya gina wa mutanen Gurna sabon ƙauye da tubalin ƙasa kusa da Luxor a shekarun 1940, masana na yabonsa har gobe, amma akasarin waɗanda aka gina dominsu sun ƙi tarewa.

Waɗanda suka dace su ne suka haɗa biyun da gaskiya. Francis Kéré ɗan Burkina Faso a Berlin ya yi karatu, amma makarantar firamaren da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001 da matsattsen tubalin ƙasa ya yi ta, ya ɗaga kwanon sama da silin don iska ta riƙa kwashe zafin. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya. A Dandaji, cikin jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin da aka matse da inji, aka gama a 2018, tare da maginan garin. Masallacin Yama kuwa, duk a yankin Tawa, Falke Barmu ne ya fara shi a 1962, maginin ƙauye, kuma aikin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Yanzu da duniya ta farga cewa sarrafa siminti na fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na hayaƙin carbon da ke ɗumama ta, manyan makarantun Turai sun koma binciken ginin ƙasa. Abin kunya ne a ce ɗalibinmu sai ya gani a Instagram sannan ya yarda da abin da ke bayan gidansu.

Ban ce ku bar manhajojin zane irin su AutoCAD da Revit ba, wanda bai iya su ba yau ba ya samun aiki. Ku karanci Zaha Hadid da Frank Gehry, ku san cewa gidan tarihin da Gehry ya zana a Bilbao ta ƙasar Sifen, wanda aka buɗe a 1997, da manhajar ƙera jiragen sama aka lissafa lanƙwashe-lanƙwashensa, sannan ku tambayi kanku wane mai walda ne a garinku zai haɗa irinsa, da nawa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma cikin daƙiƙa suke fitar da hoto, ba ruwansu da inda ruwa zai bi. Ranar kare aiki gaban malamai, in aka yaga muku zane kada ku yi fushi kamar yadda nake yi, gyaran takarda ya fi rushe bango arha. Ku tuna kuma digirin farko bai ba ku ikon sa hatimi a zane ba, sai an yi na biyu, an yi aiki ƙarƙashin wanda ya riga ku, an ci jarrabawa, hukumar ARCON mai kula da masu zanen gine-gine a Najeriya ta yi rajista. Ni na yi gaggawar karɓar aiki kafin in nuna, benen Alhaji ne sakamakon.

In lokacin zaɓen aikin kammala karatu ya zo, kada kowa ya ruga zana filin jirgin sama ko otal mai hawa hamsin. Ku sayi ɗan ma'aunin zafi mai arha. A watan Afrilu ku ajiye shi a soron ƙasa, da ɗakin bulo mai kwano, da ofis mai gilashi, ku riƙa rubuta abin da ya nuna da asuba, da azahar, da la'asar, da tsakar dare. Ku auna kaurin kowane bango da girman tagoginsa da inda suka fuskanta, ku tambayi masu kwana a ciki wane wata suke fitar da tabarma waje. Ku maimaita a Agusta, lokacin da danshi zai iya juya sakamakon, sannan ku fara zanen.